Bambar Mota Tsakanin Rufin Asiri da Algus

Motar da ta kwana biyu tana zirga-zirga tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, ko tana ratsa Kore Mairuwa zuwa Tibiri da Dumega, bambarta ce ke fara tona mata asiri. Fentin yakan fara dushewa daga kusurwa, ya yi furfura, ya daddare, sannan ya shiga ɓarewa falle-falle har baƙar robar da ke ƙarƙashi ta fito fili. Inji lafiya lau, birki na kamawa, giya na shiga, amma duk wanda ya hango motar daga nesa zai ce ta tsufa. Mai ita ba ya son jin haka, sai ya nufi garejin mai fenti.

A can ne mutum biyu kan haɗu da buƙata iri ɗaya. Na farko zai aurar da ɗiyarsa, yana son motar da za ta ɗauki amarya ta fita kunya. Na biyu ya riga ya gama magana da dillali, mako mai zuwa za a kai motar Dosso ko Yamai a sa ta a kasuwa. Gwangwani ɗaya za a buɗe musu, hannu ɗaya zai fesa, kuɗin aikin ma ɗaya ne. Shin hukuncinsu a wurin Allah ma ɗaya ne?

Kafin a je zauren malam, gara a fara jin ta bakin mai fenti, don shi ya san dalilin da bamba ke riga sauran jikin mota lalacewa. Motocin da, irin su Peugeot 404 da ta sha ɗaukar fasinja da buhunan hatsi, bambarsu ƙarfe ce mai ƙyalli, babu fentin da zai ɓare. A 1972 kamfanin Renault ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Yau galibin ƙananan motoci bambarsu daga robar polifurofilin take, dangin wadda ake yin bokiti da kujerun biki da ita. Fenti ba ya kama wannan roba da kansa. Sai an fara fesa mata wani ruwan manne na musamman, a bi da shimfiɗar farko, a sa launi, sannan a rufe da wani fenti garai-garai da ke kare launin daga rana. Duka waɗannan hawa-hawa, a motar da ta fito daga masana'anta, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ƴar ɗoriya ba.

Wannan siririyar fata ce ake turowa ƙasar Arewa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, robar ta buɗe da rana ta tsuke da sanyin asuba, fiye da yadda ƙarfe ke yi, har fentin ya gaji da bin ta. Hasken rana na cinye murfin saman a hankali. Iskar hunturu ta kawo yashi, hanyar burji ta harbo tsakuwa, sabara da geza su karce gefe in an bi hanyar ƙauye cikin Dallol Mawri, yaron da ke wankin mota kuma ya ƙarasa aikin da sabulun garin wankin tufafi. Da zarar an sami ƙofa ɗaya, ruwa da ƙura sun shiga ƙarƙashi, sauran kuma sai lokaci.

Gyaran ƙwarai yana cin kwanaki. A kwance bambar, a wanke maiƙo, a goge da sanfefa har bakin ɓarewar ya baje, a sa ruwan manne, a bar kowane hawa ya bushe kafin a ɗora na gaba. Akwai kuma gyaran da ake gamawa kafin la'asar: a goge sama-sama, a cusa mastik a tsaga, a fesa launi, a goge ya yi walƙiya. Ranar farko ba mai iya bambanta su. Kafin damina ta zagayo, na biyun ya fara zubewa a hannun wani. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ji mai fenti ya tambaya tun kafin a yi ciniki: "Alhaji, ta hawa ce ko ta sayarwa?" Wanda ya yi tambayar da wanda ya amsa duk sun san abin da ake nufi.

Shi kansa ɓarewar fenti a kan roba ba ciwo ba ne, domin roba ba ta tsatsa. Abin da ke bayan robar ne ke da nauyi. Akwai sandar ƙarfe ko ta alminiyam da ke tare karo, akwai soson da ke shanye bugu, akwai mazaunin lagireto, a motoci da yawa kuma a nan gaba ake ɗaura na'urar da ke sanar da jakar iska cewa an yi karo. Mota na iya dukan saniya a kan kwalta, sandar ta lanƙwashe, na'urar ta mutu, a miƙe robar da wuta, a fesa mata fenti, ta fito fes. Wato bambar da ke ɓarewa ita ce mai gaskiya, tana nuna shekarunta ga kowa. Wadda ta fi sauran jikin motar sheƙi ita ta cancanci a tsaya a yi mata tambayoyi.

Kuma kusan duk motar da ke wannan yanki tana da tarihin da mai ita bai gani ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Na Nijar sun daɗe suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, direbobi su tuƙo su a ayari har gadar Malanbil, su tsallako Gaya, su biyo ta Dosso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya tashi. Motar da ta yi shekaru goma sha a Turai, ta yi wata a teku, ta yi dubban kilomita a ƙasa, ta ratsa hannun dillalai uku ko huɗu kafin ta iso Dutsi, kowane hannu yana iya ƙara mata hawa ɗaya na fenti ya rage mata hawa ɗaya na labari.

Mutumin farko, mai ɗaurin aure, ba shi da wata matsala, kuma al'ada da addini duka suna bayansa. Babu addu'ar da Bahaushe ke yawan yi kamar ta rufin asiri. Magidancin da ke da riga ɗaya ya wanke ta ya goge don Juma'a ba maƙaryaci ba ne, mai mutunci ne. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yabi mabuƙatan da saboda kamun kansu wanda bai san su ba yake ɗaukar su mawadata, kuma a Sahihu Muslim, da wani sahabi ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali da cewa Allah yana son kyau. Mai mota ya fesa bambarsa sau goma in yana da hali. Ba wanda ya biya shi ko dala a kan zaton motar sabuwa ce.

Wahalar tana wajen na biyu, domin shi ma da kalmar rufin asiri yake kare kansa. Zai ce ba ƙarya ya yi ba, bai buɗe baki ya ce komai ba, kayansa kawai ya gyara, kuma wa ke kai kaya kasuwa da datti?

Cikin littattafan da almajiran ilimi ke bi a zaurukan Arewa, Risala da Muhtasar sun daɗe da sanin wannan uzuri. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 996, bai tsaya ga hana ƙarya da ɓoye aibi ba. Ya kafa ma'auni mai sauƙin riƙewa: duk wani abu game da haja wanda in an faɗa wa mai saye zai ƙi ta, ko ya rage kuɗin da zai biya, bai halatta a yi shiru a kansa ba. A ɗora bamba a kan wannan sikeli. Mai sayen mota a Dosso ko Birnin Ƙonni, tambayarsa ta farko bayan inji ita ce ko fentinta na asali ne, ko ta taɓa karo. Tunda amsar tana ɗaga farashi tana sauke shi, to ta shiga cikin abin da Risala ta ce a faɗa. Ko da rana ce kawai ta ɓare fentin aka sake shi da kyau, faɗar hakan ba za ta ci mai mota komai ba sai ɗan ragi. In kuwa karo ne aka rufe, shirun ya zama cin dukiyar wani.

Shaihu Halil, mai Muhtasar, malamin Masar na ƙarni na 14, ya ƙara matse wurin. A wurinsa yaudarar da aka yi da hannu daidai take da sharaɗin da aka furta da baki. Asalin mas'alar hadisi ne da ke cikin Buhari da Muslim game da mai ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya na wasu kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Mai dabbar bai ce uffan ba, hantsar ce ta yi magana a madadinsa, amma duk da haka shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da ita, ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Masu sharhin Muhtasar sun kawo misalin rina tsohuwar tufa don a zaci sabuwa ce. Da sun ga garejin mai fenti da ba su sha wahalar neman misali ba.

Abin ban sha'awa, mutanen Arewa gwanaye ne wajen gane irin wannan dabara in a kan dabba ce. Manomin da ya je sayen sa ko ragon layya zai buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa ƙirji, ya sa a kora dabbar ya ga tafiyarta, kuma ya san cikin da kanwa da ruwa suka kumbura da wanda kiwo ya cika. Wannan ilimi gado ne. Shi dai wannan mutum, in ya tara kuɗin wake da dankalin rani ya je sayen mota, ba ya da abin dubawa sai sheƙi da ƙarar inji. Ko dabarar nan ta manna maganaɗisu a jikin mota don gano inda aka cika mastik ba ta aiki a kan bamba, tunda roba ce. Gwargwadon rashin sanin mai saye, gwargwadon nauyin da ke kan wanda ya sani.

Wanda ya fi kowa sani kuwa shi ne mai fenti. Shi ya kwance bambar, shi ya ga abin da ke baya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a cikin Ihya'u, a babin ladubban neman abinci, cewa an tambayi Imam Ahmad bin Hambal game da ɗinkin da ake yi wa yagaggiyar tufa ta yadda ba za a gane ba. Amsarsa ita ce mai sayarwa ba shi da ikon ɓoye shi, shi kuma maɗinkin aikin yana halatta gare shi ne in ya san mai tufar zai bayyana, ko kuma ba don sayarwa yake so ba. Wannan fatawa tana da tsauri, kuma ba adalci ba ne a mai da kowane mai fenti ɗan sanda, ya riƙa tuhumar duk wanda ya shigo garejinsa. Ƙaramin mai sana'a da ke ciyar da iyali da yaran aiki ba a ɗora masa binciken zukata ba. Amma in an ce masa ƙiri-ƙiri, "Maigida, rufe min tsagar nan kada a gane, jibi za a zo ganinta," to babu sauran zato. Ya san inda aikin hannunsa zai je, kuma Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zalunci.

Dillali ma bai tsira ba. A wannan babi na Ihya'u akwai labarin sahabi Wasila bin Asƙa'i, wanda yana tsaye aka sayar da taguwa dirhami 300. Da mai saye ya ja ta ya tafi, sai Wasila ya bi shi da gudu ya tambaye shi ko don nama ya saya ko don hawa. Da ya ji don hawa ne, ya gaya masa ya ga rauni a tafin ƙafarta, ba za ta jure doguwar tafiya ba. Mutumin ya dawo, aka rage masa dirhami 100, mai taguwa ya yi ta ƙorafin an ɓata masa ciniki. Wasila ba shi da ko sisi a cinikin, ganau ne kawai. Ina ga wanda zai karɓi la'ada, sau da yawa ma daga ɓangarorin biyu?

Akwai wata ƙofa da ƴan kasuwa ke son fita ta cikinta. Sai a ce wa mai saye, "Ga ta nan, a yadda ka gan ta, in an sallama babu dawowa." A kasuwannin gwanjon motoci na Saudiyya har akan shelanta cewa tarin ƙarfe ake sayarwa, don kada a dawo da ƙorafi. Malikiyya sun toshe wannan ƙofa tun da daɗewa. Halil ya ce wanda ya san aibi dole ya ambace shi ya siffanta shi, ko ya nuna shi, ba ya dunƙule shi cikin jimla ba. Cewa "komai na iya lalacewa a mota" ba bayani ba ne, domin mai saye zai ɗauka maganar kasuwa ce kawai. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo shari'ar Abdullahi bin Umar, wanda a zamanin da ake cinikin bayi ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa sharaɗin ba ruwansa da duk aibin da aka gani. Da mai saye ya kai ƙara kan wata cuta, Halifa Usman ya nemi Abdullahi ya rantse bai san da ita ba. Ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan. Sharaɗin bai hana alƙali tambayar abin da mai sayarwa ya sani ba.

A wannan mas'ala babu saɓani tsakanin ƴan Izala da malaman zaure da ƴan ɗariƙa, duk da sun shafe shekaru suna jayayya a Dogon Dutsi kan bukukuwa da addu'o'i. Dokar ƙasa ma tare take da su. Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a sashe na 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, sashe na gaba ya sauke masa alhakin wanda ke bayyane, wanda kuma ya sayar yana sane da aibin har diyya ke hawa kansa. Sai dai mutum nawa ne daga Dumega zai bi dillalin Yamai kotu a kan bamba? Galibi maganar kan ƙare a gaban shugaban dillalai, ko a ce a bar wa Allah.

Hujja mafi ƙarfi da mai sayarwa ke da ita ba ta fiƙihu ba ce, ta aljihu ce. Zai ce shi ma haka aka sayar masa, kowa haka yake yi, in ya faɗi gaskiya shi kaɗai za a karya masa farashi alhali maƙwabcinsa da ya yi shiru ya sayar da tsada. Wannan gaskiya ne, kuma asara ce ta zahiri da bai kamata mai wa'azi ya yi kamar babu ita ba. Amma wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya duba wannan kasuwa ta motocin hannu a wata maƙala ta 1970 da ta kai shi ga lambar Nobel a 2001, ya nuna inda shirun ke kaiwa. In mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da mai ɓoyayyen ciwo, zai taya kowace mota da farashin zato. Mai mota lafiyayya ya ga an taya ta da araha ya fasa sayarwa, kasuwa ta cika da marasa lafiya, masu saye su ƙara rage tayi. A ƙarshe kowa ya yi hasara, har da mai algus ɗin ranar da ya zo saye. Hadisin Hakim bin Hizam, wanda ke cewa gaskiya da bayani suna sa albarka a ciniki, ɓoyewa da ƙarya kuma suna shafe ta, yawanci ana jin sa kamar maganar lahira ce zalla. Duk wanda ya ga yadda ake taya mota a yankin nan, mai saye yana zabge kuɗi tun kafin ya buɗe ƙofa saboda ya tabbata akwai abin da ba a gaya masa ba, ya ga shafewar albarka da idonsa.

Kuma ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta ci rayuka masu yawa. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta daɗe tana bincike a Dutsi, ta rubuta a 2002 yadda mutanen Mawri ke ba da labaran iskokin da ke tare matafiya a kan wannan kwalta, da yadda tunanin aikin tilas na zamanin Turawa ya manne da hanyar. Kowa da abin da ya yarda da shi game da iskoki. Amma motar da sandar gabanta ta karye tun a wata ƙasa, jakar iskarta ta fashe aka cusa tsumma aka rufe, ba ta buƙatar iska kafin ta kashe direba a karon da da lafiyarta ƙalau da ya fita da ƙafarsa.

Rufin asirin da addini ya yi umarni da shi na mutane ne: talaucin maƙwabci, kuskuren wanda ya tuba, sirrin gida. Haja ba ta da mutuncin da za a kare, kuma asirinta haƙƙin wanda zai biya ne. Mai ɗaurin aure ya fesa bambarsa ya tafi biki. Mai sayarwa ma ya fesa, ba wanda ya ce ya kai mota kasuwa tana zubar da fenti, amma wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar hoto. Ya ɗauki bambar kafin gyara, gaba da baya, bayan an kwance ta, ya nuna wa mai saye tare da sunan garejin da ya yi aikin, sannan a yi ciniki a kan abin da kowa ya gani. Masu fenti na Dogon Dutsi da Tibiri su ma suna iya mai da wannan hoto sharaɗin karɓar aiki, malamai kuma in sun zo babin ciniki a karatun Risala su ajiye misalin tsohuwar tufa su ɗauko na mota.